Zagayen arewacin Sikotland da mota mai ɗaki: wane zango ya fi kwanta muku?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Masu cigiyata ga ni, lafiyata ƙalau. Kwana tara na yi a inda sabis ɗin waya sai ka hau tudu ka ɗaga hannu sama. Motar nan mai ɗaki muka ɗauko haya, mai gadaje da murhun gas da ɗan banɗaki a ciki, ni da Maman Ilham da yara uku, muka zaga hanyar da suke kira NC500. Daga Inverness take tashi, ta bi bakin teku ta kewaye arewacin Sikotland, ta dawo Inverness, mil 516. Mu ta gabas muka haura, muka gangaro ta yamma.

Abin da na gani zan faɗa, mai jin haushi ya ji: ɓangaren gabas asarar dizal ne. Gonaki da titi shimfiɗaɗɗe, sai ka ce hanyar Wudil. Daɗin tafiya daga Durness ya fara. Can muka kwana biyu a wani zango da ke kan gaɓa, teku na ƙarƙashinka, rairayi fari sol kamar an tankaɗe gari. Wurin Sango suke ce masa. Ranar farko na idar da sallar asuba na zuge ƙofar mota, ba kowa sai tumaki biyu da ƙugin ruwa. Na haɗa shayi na zauna a bakin ƙofa, har ya huce a hannuna ban kurɓa ba. A ƙafa muka taka zuwa kogon Smoo, bakinsa kaɗai ya kai mita 15 a tsaye, ga ruwa na zubowa daga sama a cikinsa. Gari kuwa Ullapool na ba wa kambu: fararen gidaje a jere a bakin ruwa, ga kanti, ga gidan mai, kana zaune a zango kana kallon jirgin ruwan Stornoway na shigowa da fita.

To waɗanda suka taɓa yi, wane gari ne naku, wane zango, kuma me muka tsallake? Baɗi in da rai muna son komawa.

Zage_Zagi77:
Bakano ya je buɗe ido ya dawo da lissafin dizal. Tumakin nan biyu fa, nawa ka taya?

Baban_Ilham:
Bazazzagi, yi shiru iyayen gidanka na magana.

Hajiya_Abadin:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa Baban Ilham, a gaishe min da Maman Ilham da yara. Amma maganar gabas ban yarda ba, gudu ka yi shi ya sa ba ka ga komai ba. Shekarata goma sha ɗaya a Aberdeen, sau uku muna hawa wajen. Ka tsaya a Dornoch? Rairayinsa yaro zai yi ta gudu bai isa inda ruwa zai kai masa gwiwa ba, uwa ta zauna hankalinta kwance. Na Durness kyau gare shi, amma igiyar ruwansa ba ta wasa ba ce. Ga gidan sarautar Dunrobin kusa da Golspie, ɗaki 189, gini kamar na Faransa, a lambunsa ana wasa da shaho, mai shi ya sake shi ya ɓace a sama, ya kaɗa masa nama ya faɗo kamar jifa ta saman kawunanku. Autana har yau labarin yake ba 'yan ajinsu.

Sannan Chanonry, kusa da Fortrose. Ku duba lokacin da ruwa ya gama janyewa ya fara dawowa, ku je ku tsaya a kan tsakuwar bakin hasumiya. Kifin dolfin na zuwa farauta dab da gaɓa, ba sai ka hau jirgi ba, ba ka biya ko sisi ba. Ku bar motar a zango ku taka, wurin ajiye mota a can ƙanƙane ne.

Malam_Nahawu:
Hajiya a gafarce ni, dolfin ba kifi ba ne, haihuwa yake yana shayarwa, kuma sai ya leƙo ya shaƙi iska. Sannan ina ganin kowa na ta kame-kame, mota mai ɗaki, motar kwana. Muna da sunan tun tuni: tafi-da-gidanka. Mun ba wa wayar salula aro, mun ba wa kotu, yau ga mai abu ya zo.

Hajiya_Abadin:
Malam, a ruwa na gan shi. Kifi ne har sai ya fito ya musa.

Jauro_Bello:
Tafi-da-gidanka wai. Mu da muka gaji abin ba mu taɓa biyan haya ba. A ɗora bukka da ƙore a bayan sa, gobe a wayi gari a wata ruga. Yanzu Bature ya sa masa taya huɗu Hausawa na ta rawar jiki. Baban Ilham, ka hau Bealach na Bà? An ce min ma'anar sunan a yarensu mashigar shanu. Wato burtali. Namu ne ke nan, duk wanda ya bi ya kawo jangali.

Yerima_Barno:
Bafillace ya ga burtali a Turai zai kafa ruga. Jama'a a riƙe shi kafin ya shiga gonar mutane.

Sadau_Mancesta:
Tunda an ambaci Bealach bari in tona wa kaina asiri, ko wani ya tsira. A gindin dutsen akwai allo ƙato da ke cewa hanyar ba ta masu koyon tuƙi ba ce, ba ta manyan motoci ba ce, ba ta masu jan ɗaki ba ce. Na karanta da idona. Abokina ya ce haba Sadau, kai da ka yi shekara shida kana bin hanyar Jos? Na kuwa hau. Daga bakin teku hanyar take tashi har mita 626, faɗinta na mota ɗaya, can kusa da ƙoli kuma kwana ce a kan kwana, kamar an naɗe igiya. Muna kwana ta biyu hazo ya sauko, ban ga ko hancin motar ba. Sai ga fitilu a gabana, wata mota na gangarowa. Dole ɗaya ya yi baya, kuma ni ne na fi kusa da wurin rabewa. Ina ribas, abokin nawa ya sauka yana ba ni hannu yana salati, ƙaurin kuloci ya cika ɗaki, tukwane na ta kwaramniya a cikin kabad. Na goga gefen motar a jikin ƙarfen kariya. Tsohuwar da ke cikin ɗaya motar da ta zo wucewa ta sauke gilashi ta ce min ban ga allo ba ne? Na rasa Turancin amsawa.

Kamfanin hayar ya cinye kuɗin ajiyata gaba ɗaya kan wannan ƙarzanar. Abin haushin, a ƙoli ake hango tsibirin Skye, mu hazo muka gani. Applecross kanta, inda hanyar ke kaiwa, ƙauye ne mai daɗi, kuma akwai hanyar bakin teku ta Shieldaig da ke kai ka can ba tare da hawan ba. Ita muka bi a dawowa, ita ya kamata mu bi tun farko.

Baban_Ilham:
Allah ya kiyaye gaba Sadau. Mu Maman Ilham na ganin allon ta ce in na hau to in sauke ta tukuna. Ta Shieldaig muka bi.

Kawu_Sale:
'Ya'yana sannunku da hira. Na karanta duka. Ni tun ana kiran hanyar nan hanya kawai nake bin ta, sunan NC500 a 2015 aka raɗa mata don a jawo baƙi, aka kuwa jawo har suka fi ƙarfin wurin. Ku san cewa mutanen ƙauyukan nan da yawansu sun gaji da masu irin motarku. Mai jinya za ta fita duba tsohuwa, motoci biyar masu ɗaki sun jeru a gabanta suna tafiyar hawainiya suna ɗaukar hoto. Wurin rabewar nan an yi shi ne don ka kauce wa mai zuwa, ka kuma bar na bayanka ya wuce. Ba wurin shan shayi ba ne, ba wurin kwana ba ne. Wanda ke hagunka ka shiga, in yana dama ka tsaya daidai saitinsa a hannunka, shi ya ratse. Kuma a ɗaga hannu a gaisa, ko yatsa ɗaya ne, haka al'adarsu take.

Na biyu, dokar 2003 da ta ba mutum damar kafa tanti a daji ta mai tafiya a ƙafa ce ko keke, ba ta haɗa da mota ba. Na uku, tankin banɗaki. Akwai ramin da aka tanada a zango don shi. Masu juye shi a magudanar ruwa ko bayan dutse su suka ɓata sunan kowa. Mu baƙi biyu ne a wurin, baƙin gari kuma baƙin fata, abin da ɗayanmu ya yi da sunan dukanmu za a ba da labari.

Baban Ilham, gabas da ka raina nan tarihin yake. In ka ɗaga kai a Golspie za ka ga gunki a kan dutse, na mai gidan Dunrobin ne, wanda a zamaninsa aka kori talakawa daga kwaruruka don a zuba tumaki, saboda tunkiya ta fi mutum kawo kuɗi. A kwarin Strathnaver an ƙona gidaje a 1814 da 1819. Wasu aka tura su bakin teku, wasu suka hau jirgi sai Kanada. Ka tsaya a Badbea ka ga kufai a kan gaɓar da iska ke kaɗawa, har ana cewa turke yara suke yi kamar awaki kada iska ta jefa su teku. Wannan fili da ka gani fayau ba kowa har shayinka ya huce, da akwai mutane a cikinsa. Tumakin nan biyu da suka gaishe ka, magada ne.

Hajiya_Abadin:
Allah ya ƙara girma Kawu. A Helmsdale ma akwai mutum-mutumin iyalin da ke barin ƙasa, uwar ta waiwayo tana kallon kwarin. Na daɗe tsaye a wurin.

Baban_Ilham:
Kawu na karɓi gyara. Gunkin na gan shi daga titi, na ɗauka wani sojansu ne.

Ummu_Hanan:
Ni duk ba wannan ba, ba wanda ya yi maganar ƙwarin nan? Mun kwana kusa da Torridon a watan Yuli, magariba iska ta tsaya cak, na fito da tukunyar shinkafa da wake in zuba wa yara a waje. Kafin in ɗauko man gyaɗa da yaji fuskata ta yi baƙi da su. Ƙanana ne kamar garin barkono, suna shiga ta ƙarƙashin hijabi, ta kunne, har ta ragar taga. Sauro ɗan halak ne, aƙalla yana sallama kafin ya ciza.

Dan_Sakkwato:
Wanga ai ƙyashi na, Hajiya. Mu da munka tashi bakin fadama mun san shi. Dabara guda ta: ki kahe zango inda iska ka busawa, ba ya iya tashi cikin iska. Kusa ga ruwa kwance da itace nan a gidansu. Mu watan Mayu munka tai, ko guda ba mu gani ba, sai dai sanyi ya ba mu kashi.

Ummu_Hanan:
To ga ƙyashin ƙwaro ga na mutane, don yanzu kam ina ƙyashin ku 'yan Mayu. Ragar rufe fuska dai a saya tun daga Inverness, kada a ji kunya, kowa da ita yake yawo kamar mai cire zuma.

Abba_Dalibi:
Salam iyayena da yayyena. Tambaya biyu. Wata bakwai da zuwana, lasin Najeriya ne a hannuna, za su ba ni irin motar? Kuma sallah fa, wanda yake tafe da gidansa matafiyi ne ko mazauni? Da gaske nake tambaya.

Sadau_Mancesta:
Ƙanena, doka ta ba ka wata 12 kana tuƙi da lasin gida daga ranar da ka zama mazauni, bayan nan sai ka yi jarrabawarsu, ba a musanya namu. Amma kamfanonin haya kowa da sharaɗinsa, da yawa suna duba shekarunka da daɗewar lasin, ka kira ka tambaya kafin ka biya. Lasin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500. In kuma ɗakin ja ne za ka ɗaura a bayan mota, gudunka mil 50 a awa a titin da ba a raba tsakiyarsa ba, 60 a babban titi mai tagwayen hanya. Shawarata ka fara da ƙaramar mota da tanti.

Ustaz_Kabiru:
Abba, tambayarka ba ta wasa ba ce, malamai sun riga mu. A Malikiyya an yi maganar matuƙin jirgin ruwa da ke tafe da iyalinsa a ciki, aka ce shi ma yana kasaru. In tafiyar ta kai mil 48 ka yi kasaru, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya, to ka cika. Abin da ya fi wahala a can lokaci ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Durness sai bayan ƙarfe 10 na dare, kuma hasken bayan magariba ba ya gushewa har alfijir ya keto. Manhajar waya kowacce da abin da za ta ba ka. Ni jadawalin masallacin Inverness na ɗauka na bi har na dawo. Alƙibla kudu maso gabas take, kada ka saba da gabas ɗin gida ka fuskanci Nowe.

Zage_Zagi77:
Jauro, ka ji, ku ma ashe kasaru ta kama ku tun kaka da kakanni.

Jauro_Bello:
Mu ba matafiya ba ne, duniyar ce gidanmu. Ku ne baƙi.

Agali_Liyon:
Gaisuwa daga Faransa. Ni ɗan Agadas ne, ina karatunku ina murmushi, don duk kalmomin da kuke amfani da su na ayari ne. Kakana ya yi madugu a hanyar Bilma. Bayan damina suke tashi da raƙuma, su kai hatsi, su ratsa hamadar Tenere ta Fashi, su komo da kantun gishiri da dabino. Shi madugu ba a auna shi da saurin tafiya, da zangon da ya zaɓa ake auna shi: ina rijiya, ina kiwo, ina iska ke bugowa. Abin da Ɗan Sakkwato ya faɗa ke nan a kan ƙyashi. Sadau kuma ka kwantar da hankalinka. A Tenere a da akwai itace guda ɗaya tilo da ayari ke saiti da ita, ba wata a kewayenta tafiyar kwanaki, amma a 1973 wani direban babbar mota ya same ta ya buge. Gawarta na gidan tarihi a Yamai. Kai ko ƙarfe ka goga a cikin hazo.

Baban Ilham, wurin naka da gaske Sango sunansa? Ko dai fatakenmu sun riga ku isa?

Malam_Nahawu:
Dace ne kawai Malam Agali. Sunayen wajen na yaren Gelik ne da na mutanen Nowe na da. Shi ya sa yankin da ke can ƙuryar arewa ake ce masa Sutherland, wato ƙasar kudu, don su daga sama suka gangaro. Amma in ziyara ake nema, su suka fara kawo mana. Clapperton da ya shiga Kano ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Bello a 1824 ɗan Sikotland ne, ya sake komawa ya rasu a can a 1827. Baban Ilham ramuwar ziyara ya je, shekara ɗari biyu a makare.

Admin_Hauwa:
Jama'a daga zango mun kai Bilma. A dawo kan tambaya, akwai masu shirin tafiya da ke bibiya: gari, zango, abin kallo.

Nura_Injiniya:
To ga nawa a gajarce. John o' Groats allo ne da shagunan tsaraba, a yi hoto a wuce. Ba shi ne ƙarshen arewa ba ma, Dunnet Head ne, daga can kana hango tsibiran Orkney. Abin kallon yana Duncansby, ka ajiye mota a hasumiya ka taka cikin ciyawa kaɗan, sai ga duwatsu masu tsini sun tsaya a cikin teku kamar rumbuna. Zango kuwa Achmelvich, kusa da Lochinver. Ruwan shuɗi garau har kana ganin yatsunka, ka sa ƙafa ka ji kamar an sare ta don sanyi. Gadar Kylesku ma ta burge ni, lanƙwasa take a kan ruwa, 1984 aka buɗe ta, kafin nan sai an tsallakar da mota a jirgi. Amma ƙaramar hanyar Drumbeg kada mai babbar mota ya shiga, ƙanwar Bealach ce.

Ban yarda da Ullapool ba. A lokacin hutu cike take, wurin ajiye mota sai an yi dawafi. Gairloch ta fi ta natsuwa.

Baban_Ilham:
Nura, Gairloch ina za ka sayi burodi ƙarfe tara na dare? Ullapool gari ne da aka zana tun 1788 don masunta, tituna a miƙe, komai kusa. Kifi da dankalin da na ci a bakin tashar jirgi har yanzu yana bakina.

Ustaz_Kabiru:
Allah ya sa ka tambayi abin da suka kwaɓa fulawar da shi. Wasu da giya suke kwaɓawa, wasu kuma da kitse suke suya. Tambaya ɗaya ce, ba sa jin haushi.

Baban_Ilham:
Na tambaya Ustaz, ruwa ne da man girki. Nama kuwa tun daga gida muka cika firij, ga kilishi da dambu, don bayan Inverness kada ka sa ran na yanka.

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum, Maman Ilham ce, na karɓi wayar. Ina gaida Kawu da su Hajiya. Naku duk na gani, ga nawa. Shi yana bakin ƙofa shayinsa na hucewa, ni ina ciki ina neman inda zan shanya kayan yara uku da ruwan sama ya jiƙa tun jiya. Daren farko a Durness iska ta yi ta jijjiga motar kamar ana tankaɗe, Ilham ta ƙanƙame ni har asuba, shi yana ta minshari. Murhu kai biyu, tukunya ɗaya ta tuwo ba ta zauna a kai ba. Kullum sai an naɗe gado kafin a samu teburin cin abinci, a naɗe tebur kafin a shimfiɗa darduma, sallah ɗaya bayan ɗaya. Zangon da ya fi min shi ne wanda muka kwana a gabas ɗin da yake zagi, don akwai injin wanki da na busarwa da ruwan zafi da ba ya yankewa, ga filin da yara suka yi ƙwallo ina hango su ta taga. Wurin da na fi so kuma lambun Inverewe a Poolewe, itatuwan ƙasashen zafi a wannan sanyin, na zauna a benci awa guda ba wanda ya ce Mama. Baɗin da yake cewa, da sharaɗi: kwana biyu-biyu a kowane zango, kuma tankin banɗaki shi zai ci gaba da juyewa.

Ummu_Hanan:
Allah ya biya ki 'yar'uwa. Ki buɗe naki asusun mu ƙulla.

Hajiya_Abadin:
Gabas ta samu ƙuri'a daga cikin gida. Baban Ilham sai haƙuri.

Zage_Zagi77:
An yi juyin mulki a tafi-da-gidanka.

Abba_Dalibi:
Na gode da amsoshi. To in mun haɗa kuɗi mu huɗu a hutun ƙarshen Oktoba fa? Ƙyashi ya tafi lokacin ai.

Kawu_Sale:
Ya tafi, amma zanguna da yawa su ma suna rufewa a daidai lokacin, rana kuma kafin biyar ta faɗi in an mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya. Barewa na fitowa titi da duhu. Ku kira kowane zango ku ji kafin ku tashi, kuma ku tafi da buta biyu, ɗaya iska za ta ɗauke.

Nura_Injiniya:
Tawa tana Achmelvich har yanzu, shuɗiya ce, wanda ya je ya duba min bayan duwatsun hagu.